Labarin da Baba Yake Ba Ki a Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa wa aiki albarka, Ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan sai godiya. Gwiwar Goggo ta yi sauƙi har tana hawa matakala ba tare da ta zagi wanda ya gina ta ba. Kawu ya mayar da shagonsa bakin titi, yana kukan hayaniya amma ciniki ya fi. Rufin ɗakin Baba da yake yoyo mun gyara shi, ni da maƙwabcinmu kafinta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda kika bugo waya Baba yana gefena, ke kuma kina sauri, maganar kuwa ba ta tsaye ba ce.

A kiranki na ƙarshe kin ce kin ɗage zuwanki sai baɗi, idan kwangilar aikinki ta ƙare. Kin ce hankalinki ya kwanta, domin Baba ya ba ki labarin fim ɗin da yake kallo tiryan-tiryan, har ya faɗa miki abin da zai faru gaba, kuma tsohon da yake riƙe labari haka kansa garau yake. Na ce miki to. Amma tun ranar maganar take zaune a ƙirjina. Ina so in yi miki bayanin finafinan nan tukuna, domin in ba ki gane su ba, ba za ki gane halin da Baba yake ciki ba.

Kin san aikina a shago tura finafinai ne a wayoyin mutane. Kafin in ba mutum wayarsa, dole in buɗe farkon fim da tsakiya da ƙarshe, in tabbatar muryar fassara ta hau daidai da bakin masu magana. Da haka na ga masu dogon zango na Koriya da na Sin da na Indiya da na Filifin, abin da ba zai ƙirgu ba. Yaya, labari ɗaya ne. Ɗan mai kamfani ne, mai girman kai, ba ya dariya. Yarinya ce 'yar talakawa mai baki, tana gudu ta makara aiki, sai ta yi karo da shi ta ɓata masa riga. Washegari ta je sabon wurin aiki, ashe shi ne ogan. Za ta yi tuntuɓe ya tare ta, su tsaya suna kallon juna har sai mai kiɗa ya gaji. Za a yi ruwan sama, lema ta bayyana a kanta. Akwai wani saurayin na biyu, mai kirki, wanda ya fi shi hankali da komai, yana nan yana kawo mata magani in ba ta da lafiya, kuma tun ranar farko kowa ya san ba shi zai samu ba. Uwar ɗan mai kamfanin za ta kira yarinyar gidan shayi ta ce ta rabu da ɗanta. Can a tsakiya a gano ashe tun suna yara sun taɓa haɗuwa. Idan komai ya kusa daidaita, sai babbar mota ta fito daga inda babu hanya ta buge ɗaya, ya farka a asibiti ya manta kowa.

Abin da yake canzawa kaɗan ne. Waɗannan suna rawa, waɗancan ba sa yi. Wasu takobi suke riƙewa da dogon gashi, wasu jakar ofis. A na Indiya surukai sun fi yawa, a na Koriya an fi cin abinci. Kwanaki wata tela ta dawo shago da faɗa, wai na tura mata wanda ta riga ta gani. Na duba, na ga wancan daga wata ƙasa yake, wannan daga wata, ko fuska ɗaya ba su haɗa ba. Ogana ya ce mata ai ita ya kamata ta fi kowa ganewa, yadi ne ya bambanta amma ɗinkin ɗaya ne. Ta yi dariya ta ce a ƙara mata wani irinsa.

Ke shaida ce yadda Baba ya tsani kallon nan lokacin Mama tana raye. Yana shigowa zai ce a kashe masa kukan banza a kamo labarai. Bayan rasuwarta ne na dawo wata rana na tarar da shi a kujerarta, ya kunna wanda ta bari bai ƙare ba. Daga nan na riƙa kawo masa. Da farko da idon tsohon direba yake kallo. Idan motar nan ta taho, sai ya miƙe zaune yana faɗa, wai wane irin direba ne zai danna hon ya ƙi taka birki, a ƙwace lasisinsa. Ya san sunan kowa a fim ɗin, har na karen gidan, duk da wuyar faɗa.

Sai wata rana katin da nake zuba masa finafinai a ciki ya lalace yana tsakiyar wani na Koriya. Na sa masa wani na Filifin, shi ma daga tsakiya, da niyyar in na gama wanke kwanuka in yi masa bayani. Da na dawo sai na tarar ya nutsu. Ya ce mini yarinyar ta rame ta yi duhu, kuma ba mamaki, irin wahalar da uwar yaron take ba ta. Na yi dariya a lokacin, na ɗauka zolaya ce. Na dube shi na ga ba wasa a fuskarsa. Yanzu kowanne na sa daidai ne. Ko na ɗora ƙarshen wani a kan farkon wani, haka zai bi, ba ya tambayar inda aka kwana. A wurinsa fim ɗaya ne tun wanda Mama ta bari.

To ranar da kika kira, abin da yake gabansa na Sin ne, na zamanin sarakuna, da dawakai. Babu kamfani a ciki, babu mota. Amma kin ji abin da ya gaya miki: ɗan mai kuɗi, yarinyar kirki, muguwar uwa, kuma haɗari yana nan tafe. Ke kuma kika yi murna kika ce ai shi kike kallo a can, kuna tafiya tare. Daga yadda kika kwatanta naki na gane shi, na tura wa mutane da yawa, na wata ƙasa ne daban. Ba laifinki ba ne, duk wanda Baba ya ba labarin nan zai ce nasa ne. Ki tuna da kyau, ya daɗe bai kira sunan kowa a ciki ba, daga yaron sai yarinyar sai matar nan. Kuma labarin da ya ba ki a watan jiya da na shekaranjiya shi ne dai wannan. Ke ma na lura tambayar fim ɗin nan kaɗai kike yi masa yanzu, wataƙila don ita ce yake amsawa da tsawo.

Ga abin da waya ba ta nuna miki. Na sha tsintar takalminsa a cikin kabad ɗin kwanuka. Yakan tashi neman makullin motar da ya sayar tun kina makaranta, ya ce lodi yana jiransa. Ya fita masallacin da yake bayan gidanmu, mai facin taya ya dawo da shi daga mahaɗar titi, ya ce ya same shi a tsaye yana duba gidaje ɗaya bayan ɗaya. Yana tambayata ina Mama ta je. Da fari gaskiya nake faɗa masa, sai na ga kowace rana sabuwar rasuwa nake kawo masa, yanzu cewa nake ta fita unguwa. Ni da Kawu mun kai shi asibiti. Likita ta yi masa tambayoyi, ta sa ya zana agogo, ya tara lambobin duka a gefe guda. Da muka fito na koma ni kaɗai, da kunyata na tambaye ta ko akwai abin da za a nuna masa, hoto ko tsohuwar rigar Mama, komai ya dawo lokaci guda, yadda nake gani a wurin aiki. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce wannan irin ba ya dawowa, gaba yake yi, magani sai dai ya rage masa sauri. Da muka iso gida na kunna masa kallo, aka zo inda yaron ya farka bai gane yarinyar ba. Baba ya dafa gwiwata ya ce kada in damu, duk suna tunawa kafin a gama.

In kin tambaye ni yadda nake ji, ban sani ba. Ban yi kuka ba, ba kuma jarumta ba ce. Ina tashi in haɗa masa ruwan wanka, in aske masa gemu, in ba shi magani, Goggo ta zo ta zauna da shi, in tafi shago. In tura wa mutane ɗan mai kamfani da yarinyarsa har yamma, in dawo in tarar da su a gida. Abinci ina ci, barci ina yi. Kamar dai hannun da aka kwanta a kansa, ana taɓa shi amma ba ya ji. Ba ƙorafi nake ba, kuma ba wani abu nake nema ki aiko ba. Abin da kike aikowa yana isa.

Dalilin takardar shi ne wannan. Da safiyar Talatar da ta wuce na kai masa shayi, na gyara masa matashi, na kunna kallo. Sai ya gyara zama ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Ya ce iyayena sun iya tarbiyya, Allah Ya yi musu albarka. Sannan ya ce yana da 'ya a nesa, ya kira ki da sunan nan da yake kiranki tun kina ƙarama, ya ce in ta zo ita za ta yi mini godiya yadda ya kamata. Na ce Allah Ya kawo ta lafiya. Ya ce amin. Tun ranar bai sake kiran sunana ba. Goggo kuwa tun kafin ni ya daina gane ta, wani lokaci yana tambayarta ko mai gidan ba ya nan ne.

Ke kika rage masa, Yaya. Muryarki yana ji ya washe baki, sunanki bai taɓa kuskurewa ba. Ban san tsawon lokacin da hakan zai ɗauka ba, likita ma ta ce ba ta sani ba, amma na ga yadda nawa ya tafi, ba sallama. Ki nemi hutu ko na mako guda ne, ki zo yanzu da zai buɗe ƙofa ya san wadda ta shigo. Baɗi za ki same shi in Allah Ya yarda, jikinsa da ƙarfi, sai dai ina tsoron ya tashi ya ba ki kujera ya tambaye ki daga ina. Idan kina shakkar maganata, in kin kira kada ki tambaye shi fim. Ki tambaye shi wane ne yake riƙe masa wayar. Duk amsar da ya ba ki kada ki gyara masa, yana jin kunya in an gyara.

Ki gaishe mini da maigida, ki nuna masa takardar in kin ga dama. Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce wa ƙaramarsu kawunta bai manta alkawarin keke ba. Goggo tana gaishe ku, ta ce ki taho mata da man shafawar gwiwa. Kawu da iyalinsa suna gaisuwa, haka kafinta da mai facin taya.

Baba ma yana gaishe ki. Ya gan ni ina rubutu ya tambaya wa nake rubuta wa, na ce 'yarsa. Ya ce in sa mata cewa kada ta damu, yaron nan yana kula da shi sosai. Ga shi na sa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Auta