Jarumin Babi na Uku

Litinin, 11 ga Maris

Baƙuwar malama daga Nijeriya ta iso jami'armu a Salvador ta ƙasar Brazil, Dokta Morenike. Na saya mata akaraje a bakin ƙofa. Ta gutsura, ta ce, "Ashe ƙosanmu ya riga ni zuwa."

Alhamis, 14 ga Maris

Na kunna mata tsohon kaset ɗin da Farfesa Valdomiro, mai duba aikina, ya ɗauko a ƙasar Yarbawa yana matashi. Kirarin wani jarumi ne da ya kare garinsu. Babi na uku na kundin digirina kacokan a kansa ya tsaya: maza a fagen yaƙi, mata a bayan gida.

Ta saurara ido a rufe. Sai ta ce, "Jucélia, wa ya gaya miki namiji ne?"

Na ce fassarar Farfesa. Ta ce a Yarbanci kalma ɗaya ce da "shi" da "ita". Sunan ma, maza da mata duk suna amsa shi.

Juma'a, 15 ga Maris

Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ga shi a watan Yuni zan kare kundina gaban malamai.

Lahadi, 17 ga Maris

Na ba Mama labari tana yanka albasa. Ta ce, "To ki ce mace ce mana, 'yar nan. Wa zai tashi daga kabari ya ƙaryata ki?" Raina ya so, ba ƙarya.

Talata, 19 ga Maris

Na je da zumuɗi, na ce wa Dokta ashe jaruma ce. Ta ɗaga gira. "Ni na faɗa? Jiya kin sa masa gemu, yau kin ɗaura mata ɗankwali. Masu kirarin ba su ga dalilin faɗa ba. Me ya sa? Can ne tambayar take."

Haushi ya kama ni. Amma me ya sa ɗin?

Laraba, 20 ga Maris

Na tambayi Farfesa ko masu kirarin ne suka ce masa namiji ne. Ya ce, "Ban tambaya ba, 'yata. Bai ma zo min a rai ba." Ya ce in na taɓa babin, kare kundin sai dai Disamba.

Litinin, 1 ga Afrilu

Zan gyara babin, sai Disamba ke nan. Na kuma shiga ajin Yarbanci, ni da 'yan shekarar farko. Ba wani abu ba ne, ɗakin yana da fanka.