Wushiryar Kasuwa

Tudun Wada, 9 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Laraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, maganar 'yarki ce, ta farin tawa, mai sunan Inna. Kin san kunyar 'yar fari ba ta barina in zaunar da ita, shi ya sa na kawo miki. Wata uku ke nan ta je kasuwa ta dawo da wushirya. Wani mai shimfiɗa tabarma a bayan 'yan tumatir ne ya goge mata tsakanin haƙoran gaba da magagari. Tun ranar na gani, na kawar da kai.

A wajenta bakinta lafiya lau. Kullum sai ta dirje haƙoran da gawayi da lemon tsami, ta duba madubi, in dai sun yi fari shi ke nan. Ƙanwarta Rashida tana tsokanarta wai ta samu wajen rataya zaren ɗinki, ita kuma ta ce baƙin ciki ne.

Amma na lura ta daina shan ruwan randa. Sai ta ɗiba a kofi ta ajiye a rana ya yi ɗumi. Jiya kuma na ga jini a asuwakinta. Ga azumi na tahowa, ban san matsayinsa ba in tana haɗiyar jinin nan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Tun tana ƙarama, in mata suka yaba tawa wushiryar, sai su ce ita ba ta ɗauko ni ba. Ni kuma don kunya sai in ce ai bakin babanta ta kwaso, a yi dariya. Ban san tana ajiyewa a ranta ba.

Don Allah ki zo. Ke tana jin maganarki.

Ƙanwarki,
Barakatu

Tudun Wada, 17 ga Ramadan

Yaya Laraba,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa. Ina fatan kin koma Kiru lafiya, motar ba ta tayar miki da ƙafar ba. Allah ya saka miki da alheri.

Bayan tafiyarki ta yarda muka je asibiti. Likita ya ce gugar ta kai jijiya, haƙorin hagun ya mutu, ruɓa ta sauka har saiwa. Ta yi ta musu wai ai bai yi baƙi ba, ya duba da kyau. Ya ce farin na waje ne kawai. Ranar Talata aka cire shi. Na daman zai iya tsira in ta rabu da lemon tsami.

Yanzu ko a kan keken ɗinki take, hijabi na kan bakinta. Rashida ma ta daina tsokana.

Jiya bayan mun sha ruwa na kira ta. Da sunanta na kira, Yaya, karo na farko a shekara ashirin da biyu. Na ce mata haƙoran da Allah ya ba ta sun fi nawa kyau, tun da can na sani. Sai ta ce, a hankali, da na faɗa tun suna nan.

Ki sa mu a addu'a a goman ƙarshe.

Ki gaida Malam.

Taki,
Barakatu