Ranar da Baba Ya Miƙe Tsaye a Sinima

Boysun,
Lahadi, 9 ga Nuwamba.

Zuwa ga yayana Dilmurod,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan ɗakinka a Omsk ta ƙasar Rasha. Allah ya sauƙaƙa muku sanyin da aka ce ya fara sauka a can, ya tsare ka a saman ginin da kuke yi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma gasa gurasa da kanta, rumman ɗin bayan gida kuma ya yi 'ya'ya bana har sai da na tokare rassansa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a makaranta ba. Na zaɓi takarda ne domin duk sanda ka kira waya Baba yana zaune kusa da ni, abin da na gani da safiyar Alhamis, kwana goma da suka wuce, kuwa ba zai faɗu a gabansa ba.

Sau uku kana tambayata ko fim ɗin ya fito, ko ya kai yadda ake zuzuta shi. Ya fito, Yaya, mun kuma gani. Amma bari in faro daga tushe, tunda ka riga ka tafi lokacin da Indiyawan nan masu shirya fim suka zo shekara biyu da ta wuce. Babbansu ya shigo shagon shayinmu ya zauna yana kallon hannun Baba, ya sa tafintansa ya ce bai taɓa ganin mai zuba shayi irinsa ba. Wai suna son ya fito a matsayin dattijon da zai sauki jaruminsu, ɗan leƙen asirin da ya tsallako duwatsu da rauni a kafaɗa. Baba tambaya ɗaya ya yi, ko mutumin baƙo ne. Suka ce baƙo ne. Ya ce to ai wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, abin da yake yi ne shekara arba'in. Da suka miƙo masa kuɗi a ambulan ya mayar musu, ya ce ba a sayar wa mai rauni shayi, ko da raunin na fenti ne. Sau goma sha ɗaya suka ɗauki wurin, kuma kowane karo bai rage komai ba. Ya zuba a kofi ya mayar cikin buta sau uku, yana faɗin na farko laka, na biyu mai, na uku shayi, ya shanye kofin farko da kansa kamar yadda mai masauki yake yi, sannan ya ɗan zuba wa baƙo kaɗan ya miƙa da dama, hagunsa a ƙirji. Ranar har Ergash mahauci yana tsokanarsa, wai Tursun zai fashe da shayi kafin ya zama tauraro.

Shekara biyu muna jira. Ba wanda ya ƙara kiransa Tursun a kasuwa, sai jarumi. Inna ta ɗinka masa sabuwar alkyabba ta adana a akwati, ta ce sai ranar. Da labari ya zo cewa an kawo fim ɗin birnin Termiz, an sa masa muryar yarenmu, Norkul mai bas ya ce motarsa kyauta ce ga duk mai zuwa. Muna idar da asuba muka tashi, mu talatin da wani abu, mata da ƙunshin gurasa da inabi, don mu kama wanda ake nunawa da ƙarfe goma na safe mu dawo da rana. Baba ya zauna kusa da direba, hularsa sabuwa, yana ta cewa mutane su daina wahalar da kansu saboda shi, amma na ga yana shafa gemu yana kallon madubi.

Ba zan zalunci masu fim ɗin ba, sun iya aikinsu. An yi tsere da motoci a kan gada, an yi dambe a saman jirgin ƙasa, jarumin ya diro daga jirgi mai saukar ungulu ko hularsa ba ta faɗi ba. Har ni sai da na riƙe kujera. Bayan kamar awa ɗaya sai ga duwatsunmu, amma an dusashe launinsu kamar ƙasar da ba a taɓa yin ruwa ba, an kuma cika lungunanmu da 'yan bindigar da ba mu taɓa gani ba. Sai ga shagonmu, sai ga Baba. Muka ɗau tafi, Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Sai kiɗan ya canza ya koma irin wanda ake yi idan maciji zai fito. Aka nuno hannun Baba ya zuba ya mayar, ya sake zubawa ya mayar. Daga nan aka nuno wani hannu cikin hannun riga irin tasa yana barbaɗa farin gari a buta. Ba hannunsa ba ne, Yaya, babu tabon ƙunar nan na babban yatsa, amma wa zai lura in ba wanda ya tashi yana kallonsa ba? Aka dawo kan Baba yana mayarwa ta uku, sai ya zama kamar gauraya gubar yake yi. Ya miƙa da dama, hagu a ƙirji, da murmushin nan da yake yi wa kowa. Jarumin ya sha ya faɗi. Kofin da Baba ya fara sha sun yanke shi. Suka kuma ɗora masa muryar wani ƙato yana gaya wa 'yan bindiga su zo su ɗauki kayansu.

A nan ne Baba ya miƙe tsaye. Inuwar hularsa ta hau kan allon, ya ɗaga hannu kamar mai ba da shaida gaban alƙali, ya ce, "Ni na fara sha. Sau goma sha ɗaya na sha." Wani saurayi a baya ya ce kaka ya zauna ya tare musu. Wani ya haska shi da waya ya ce wallahi ga mai gubar nan da kansa, sai wurin ya kaure da dariya, wayoyi suka yi ta walƙiya. Na ja gefen alkyabbarsa na ce mu fita. Ya zauna, amma ya ce ba inda za shi, wataƙila sun ajiye wurin ne sai can gaba za su nuna. Awa guda da rabi ya ƙara yana jiran kofin nan. Ya ga an tashi wani shago mai kama da namu da bam, ya ji mutanen birni suna tafi. Ko da aka kunna fitilu sunaye suna hawa bai motsa ba, sai da mai shara ya iso layinmu.

A mota ba wanda ya kwance gurasarsa. Washegari Juma'a mutane suka cika shagon tun da sassafe, na san don su ƙarfafa masa gwiwa ne. Baba ya dafa shayi kamar kullum, ya ɗauko buta. Sai Ergash, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya ce, "To jarumi, fara kurɓa mu gani tukuna." Ba da mugunta ya faɗa ba, so yake a yi dariya abin ya wuce, an kuwa yi. Baba ma ya yi murmushi. Ya zuba na farko ya mayar, ya ɗago kai, ya ga duk idanu suna kan hannunsa. Ya tsaya. Ya ajiye butar a hankali ya ce, "Elyor, zo ka zuba wa mutane." Yau kwana tara ke nan bai taɓa ta ba. Yana zuwa ya zauna a gindin bishiyar ƙofar shago, hannuwansa cikin hannun riga. Ergash ya aiko da cinyar rago don ban haƙuri, amma magana zarar bunu ce. Liman Sattor ya zo ya ce masa kowa a garin nan ya san ko shi wane ne. Baba ya ce waɗanda suka san shi mota ɗaya ta kwashe su, waɗanda suka gan shi kuwa sai Allah ya san iyakarsu.

Ka ce za ka tara abokan aikinka ku kalla tare ka nuna musu mahaifinka. Ina roƙonka kada ka yi. Idan ka kira, zai ce maka fim ya yi kyau, haka ya umarce mu mu faɗa ni da Inna. Kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka yi masa barka. Ni ina nan ina zubawa, ina mayarwa sau uku a inda zai gani, ba na ce masa komai. Shayina bai kai nasa ba, mutane suna sha ne kawai don kara. Tunanin da nake yi shi ne, idan ka zo da bazara, kada ka fara wucewa gida. Ka shigo shago da jakarka da ƙurar hanya, ka zauna, in na miƙo maka ka ƙi karɓa. Ban taɓa ganin ya bar wanda ya sha tafiya da ƙishirwa ba. Ban sani ba ko zai tashi, amma ba ni da wata dabarar da ta wuce wannan.

Ka gaishe mini da Kawu Bahtiyor da matarsa Anti Zulhumor, da ɗan gwaggonmu Shuhrat, ka ce masa Inna tana cigiyarsa. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe wuyanka. Na san muryar Baba a waya za ta sa ka ɗauka na ƙara gishiri, don ya iya ɓoye ciwo. In haka ne ka tambayi waɗanda suke wurin sanda ya miƙe. Norkul yana damansa, Liman Sattor yana bayansa, Ergash da matarsa suna layin gaba, Malama Oygul ta makarantar firamare ita ta ɗauko masa hularsa da ta faɗi. Inna ma tana nan, amma ita kada ka tambaye ta.

Wassalam. Ni ne ƙaninka,
Elyor.