Takardun da Na Ɓoye a Aljihun Tebur

Ofishin Diwan, 3 ga Oktoba, 1944

Zuwa ga Yayata Jenabai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da mijinki Nakoda Jusab, shugaban jirgi, da yara. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Amma?

Kin tambaye ni ko mijinki zai iya ɗagawa da jirginsa zuwa Aden a wannan lokaci na yaƙi. Ki ce masa ya tafi abinsa, Yaya! Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar jiragen ruwa, ni na rubuta takardun da hannuna. Duk jirgin da ke cikin jerin, za a ba shi hanyar da babu haɗari, jiragen yaƙi kuma su raka shi. Jirginsa, Fateh Salamat, shi ne na huɗu. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙanenki, Alarakha

19 ga Nuwamba, 1944

Yaya Jenabai,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan Nakoda da mutum goma sha ɗaya da ke tare da shi. Yaya haƙuri? Yaya yara?

Ban zo zaman makoki ba, na aiko cewa zazzaɓi ne. Lafiyata ƙalau. Kunya ce ta hana ni.

Ga yadda abin yake. Kafin a karɓi ƙasa cikin yarjejeniyar, sai ta aika abu uku Bombay: sa hannun Sarki, hatimi, da jerin jiragenta da nauyin kowanne. In ɗaya ya kauce, dukkansu ake maidowa, kuma ƙasar tana waje har sai an gyara. Ni kuwa, ɗan baban da ya koya mana auna jirgi da kandi, ma'aunin garinmu, tun muna yawo ba wando, sai na rubuta nauyin da kandi. Su kuwa da tan, ma'aunin Turawa, suke awo. Ko a raina ban kawo ba.

Ranar da na rubuta miki waccan wasiƙar, takardun sun kwana biyu da dawowa, suna cikin aljihun teburina. Gyara na buƙatar sabon hatimi, hatimi kuwa yana hannun Diwan, wazirin Sarki, mutumin da ya dafa kafaɗata gaban jama'a ya ce, "Ku dubi ɗan masu jirgi, alƙalaminsa ya fi na 'yan boko!" Da wane baki zan ce masa na yi kwaɓa? Kullum sai in ce gobe. Kwana tara ina goben nan.

Har magatakarda Premji ya lura. Ya ce, "Kai Alarakha, me kake gadi a aljihun nan, ko amarya ka ajiye?" Na yi dariya tare da shi. A ranar mijinki ya fita teku shi kaɗai, ba rakiya, saboda maganata.

Na ji a gida ana zagin mutanen Bombay, wai su suka yi jinkiri. Ba ruwansu, Yaya. Ni ne.

Daga baya na cusa gyararrun takardun cikin wasu, Diwan ya buga hatimi bai duba ba, na aika. Jiya amsa ta zo, an karɓe mu. Diwan ya ba ni rawani, aka yi ta tafi. Sannan ya miƙo mini jerin ya ce in soke jirgin da ya nutse don lissafi ya daidaita. Sai da ya maimaita kafin na ja layi a kan Fateh Salamat, ya ɗauka baƙin cikin rashin suruki ne.

Gobe zan faɗa masa gaskiya, ko da aikin zai tafi. Amma ke kika fi cancanta ki fara ji. Ban roƙi gafararki ba, ban kai ba. Abu ɗaya nake roƙo: in yaran sun girma sun tambayi wanda ya ce wa babansu ya tafi, kada ki rufa mini asiri.

Ki gaida Amma.

Ƙanenki, in har kin yarda,
Alarakha