Harsashin da Ya Tsallake Tudu

Litinin, 8 ga Yuli

Gwiwa a kumbure, numfashi sama-sama. Iska ta jiƙe, tawul ma ya ƙi bushewa.

Na kasa rubuta abin da ya faru ranar Asabar sai yau. A layin harbi na nisan yadi dubu harsashina ɗaya ya tsallake tudun da ke bayan allo, ya je ya huda tankin ruwan shanun Yoder, manomin da ke maƙwabtaka da filin. Duane, mai kula da filin harbi, wanda ni na koya masa riƙe bindiga, ya tsaya a kaina ya ce, "Dattijo, Asabar mai zuwa harbi biyar a gabana. Duka su hau takardar allo, in ba haka ba ka bar mini katinka na kulob ɗin harbi." A gaban kowa. Na ce masa laimar iska ce ta jawo.

In aka karɓe katin nan ban san me zan riƙa yi da Asabar ba.

Talata, 9 ga Yuli

Rabin 'yan kulob sun ɗauka iska mai laima ta fi nauyi. Ba haka ba ne, tun muna aji aka koya mana. Tururin ruwa bai kai busasshiyar iska nauyi ba, harsashi ya fi ratsa ta, sai ya sauka sama da inda aka saba. Na buga wa abokina Lyle waya na yi masa bayani. Ya ce, "To farfesa, sama da nawa?" Na ce da ɗan dama. Ya ce, "Da tsayin tudu? Haba Harlan, ko daga cikin kogi ka harba!" Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Tsohon banza. Amma ya ce zai zo ya ɗauke ni ranar, tunda likita ya hana ni tuƙi.

Laraba, 10 ga Yuli

Na yi lissafin da fensir, na sake. Duk laimar duniya ba ta ɗaga harsashi faɗin tafin hannu. Tudun ya fi gidan nan tsawo.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na tashi da wata dabara. Katakon bindiga ma yana shan laima, ya kumbura, ya tokare bututu. Wannan kam yana jefa harsashi inda ya ga dama. Na zura takardar kuɗi ta dala ɗaya tsakanin bututu da katako, yadda muke yi. In ta maƙale, shi ke nan, ina da abin nuna wa Duane. Ta wuce sumul har ƙarshe. Na juya ta, ta sake wucewa.

A haka 'yata Verna ta shigo da farfesun kaza. Ba bindigar ta kalla ba, takardar da ke hannuna ta kalla, tana ta kaɗawa. Ta ajiye tukunya ta ce, "Baba, ka san jikokin Yoder a gindin tankin nan suke wasa?" Na ce na sani. Ta ce, "To." Da ma faɗa ta yi mini.

Ban ci ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

An kwana ana ruwa, gari ya waye garau, iska ta bushe. Rediyo ya ce gobe ma haka. Ga irin ranar da nake roƙo, amma ban yi murna ba.

Na ɗora bindigar a teburin baranda ba harsashi, na saita ƙofar rumbu. Layin madubin saiti ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yatsana ya ja kunama kafin in yi niyya. Ranar Asabar ɗin ma... ban tabbata na gama saiti ba lokacin da ta tashi. Wannan ba na faɗa wa Lyle.

Asabar, 13 ga Yuli

Gwiwa da sauƙi. Na yi aski, na sa riga mai tsabta, na zauna a baranda da kofi ina kallon hanya. Mota biyu sun wuce, ba tasa ba. Wayar tana gefena, ban taɓa ta ba. Sai da rana ta take na lura ko makullin kabad ɗin bindiga ban ɗauko ba. Mantuwa ce, ina jin.

Na ɗumama farfesun Verna, na cinye tas.

Lyle bai zo ba. Ina jin shi ma ya san ba laima ba ce.