Saƙon Laraba

Laraba, 10 ga Janairu, 2024

Yau na gane rigimar fadama daga wayata ta taso. Malam Ladan, shugaban manoman rani na nan Tiga, ya dawo ƙara mini gaisuwar ta'aziyya. Yana cikin magana ya ce sati uku ke nan saƙon rabon injin ban ruwa bai je wa kowa ba, har Zailani da maƙwabcinsa sun ɗaga wa juna fartanya.

Ɗana na fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba. A nan dai zan rubuta: Muzammil. Shi ya haɗa musu manhajar da ke tura saƙon. Duk Laraba saƙon wayata yake fara zuwa, in karanta sunayen, in na ga daidai in danna ɗaya, sannan ya tafi wa mutum arba'in. Yakan ce, "Inna, ba a sakin abu sai wani ido ya gani." Tun ranar da babur ya kayar da shi a hanyar Kafin Maiyaki, Allah Ya yi masa rasuwa, ban ƙara dannawa ba. Karantawa kawai nake yi, in kifa wayar.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na danna. Tumatirin Zailani dai ya riga ya ƙone.

Asabar, 13 ga Janairu

Khairiyya ta zo daga Bebeji, wadda suka koyi aikin tare da shi. Na ɗauko mata kwamfutarsa daga ƙasan gado. Kafin ta taɓa komai sai da ta kwafe aikin duka ta ajiye gefe. Wai haka ya koya mata, a kwafi ake gwaji, in ya ɓaci na ainihi yana nan.

Ni firamare na tsaya, rubutun duk tarkace ne a idona. Sai ta nuna min wasu layuka masu launin toka. Ta ce waɗannan kwamfuta ba ta karanta su, don mutumin da zai zo baya ake rubutawa. Da Hausa ya yi nasa. Ɗaya ya ce: "Lambar Inna. A nan kaɗai take, in za a canza a canza nan. A tambaye ta tukuna, tana da fushi."

Na yi dariya, sannan na shiga ɗaki.

Litinin, 15 ga Janairu

Abin da manoman suke so a mai da lambar ta sakataren ƙungiyarsu. Layi ɗaya ne, in ji Khairiyya, ko minti ba zai ci ba. Na ce to ni fa? Ta sunkuyar da kai. "Inna, ba zai ƙara zuwa miki ba."

Na ce zan yi tunani. Allah Ya gafarta mini, na san ba shi ke turowa ba.

Laraba, 17 ga Janairu

Saƙon ya zo ƙarfe bakwai. Ina ta kallonsa, ban danna ba sai bayan azahar. Mutum uku sun rasa ruwan safe. Ba wanda ya ce min komai, wannan ya fi ciwo.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na aika a kira Khairiyya. Na ce ta canza, amma kada ta goge layinsa. Ta ce ba sai an goge ba. Ta rubuta ta sakatare, ta sa alama a gaban lambata, lambar ta koma launin toka, ta zauna a ƙarƙashin maganarsa. Ta ce ni zan danna maɓallin ajiyewa. Na danna.

Ta ci tuwo kafin ta tafi. Na ga na ci tare da ita.

Laraba, 24 ga Janairu

Wayata shiru. Ƙarfe takwas na jiyo injin ya tashi daga fadama. Na share tsakar gida, na shanya kuɓewa.

Malam Ladan ya ce kwamfutar a ofishin ƙungiya ya kamata ta zauna. Gaskiyarsa ce. Na goge ta, na naɗe a zane. Ban kai ba tukuna.