Sunan Yankan Ummi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa a makwancinki. Mu nan Kazaure lafiya lau muke. Rabi matata tana nan yadda kika san ta, jikarki Ummi kuwa ta yi tsawon da in kin gan ta sai kin ɗaga kai. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma wani abu ya faru da ni makon jiya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Inna, na je na shiga inshorar rai. Kada ki ɓata fuska tukuna, na san abin da za ki ce: rai na Allah ne, wa ya isa ya tsaya masa? Ni ma haka na ce, sai da na tambayi malamai hankalina ya kwanta. Irin ta Musulunci ce, takaful suke ce mata, kuma ba tsawon kwana suke sayarwa ba. Kamar adashen da kike yi da matan unguwa ne a Gwiwa, kowa yana zuba kaɗan-kaɗan. Bambancin kawai, wanda ya riga mu gidan gaskiya iyalinsa ake ba kwasa.

Kin tuna Sule, abokin cinikina da muke zuwa awon gero Babura tare? Mota ta kife da shi bara. Kafin a yi sadakar arba'in an raba 'ya'yansa gidajen dangi, babbar kuwa makaranta ta ƙare mata ke nan. Na san ɗacin wannan, don ranar da Baba ya rasu nawa karatun ya tsaya. Ummi tana sakandare, ta ƙwallafa rai a kan aikin jinya, kuma ba na so karatunta ya bi ni kabari. Duk da haka na daɗe ina cewa gobe, ina wuce ƙofar ofishin kamar ban gan ta ba.

Da na shiga, wata yarinya mai ladabi ce ta zaunar da ni, Baba take ce mini. Ta ce za ta yi mini tambayoyi, kuma in na ɓoye wani abu, ranar biya ana iya hana iyalina. Sai ta fara, wallahi kamar ke kika aiko ta.

Ina shan taba? Na ce na daina, kuma kin san wanda ya sa. Ni ne ɗanki na fari, ke kuwa Bafulatana ce ta asali, kunya ba ta barinki ki kira sunana ko ki dube ni ki yi mini magana. Ƙanwata Hajara ce 'yar aikenki, ko da ina zaune a gabanki. Kina tankaɗe kika ce mata, "Ki gaya wa wancan, warin hayaƙinsa ya ishi kajina." Tun ranar ban ƙara kunna kara ɗaya ba.

Da ta ce giya fa, saura kaɗan in ɗauki hulata in fita. Ta ba ni haƙuri, ta ce kowa ake tambaya, har limamai. Ta tambayi barcina, da cin abincina, da ko ina hawa babur zuwa kasuwannin ƙauye, da ko ina sa hular kwano. Na ce ina da ita. Ta ce, "Baba, ba cewa na yi kana da ita ba." Na yi dariya ni kaɗai, don na tuna ki a bakin zaure kina ce wa Hajara, "Wancan zai fita da kai tsirara kuma?"

Sai muka zo kan samu. Nawa nake samu a wata? Inna, ɗan kasuwar hatsi ake yi wa wannan tambaya! Wani makon naira, wani makon sefa in mutanen Nijar sun shigo, wani makon kuma gajiya kaɗai nake kawowa gida. Ana bina bashi? Shanu nawa suka rage a wurin kawu? Mutum nawa ke ci daga tukunyata? Ke kika tashe mu da cewa, "Kul na ji kun gaya wa baƙo yawan dabbobinmu ko yawan mutanen gida." Don haka na ce mata alhamdulillahi. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, na'urar nan ba ta da gurbin alhamdulillahi, lamba take so." Ki yafe mini, na ƙirga mata.

Daga nan ta tambaya ko an taɓa kwantar da ni a asibiti. Na ce sau ɗaya, karaya ce da buguwar kai, ta rubuta ta wuce. Ni kuwa ban wuce ba.

Ina saurayi ne babur ya kayar da ni a hanyar Roni, da rana tsaka. Aka jefa ni motar kasuwa zuwa asibiti a Kazaure, ke kaɗai kika samu shiga, ko takalmi babu a ƙafarki. Hajara tana gidan miji a lokacin. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko kati ta tambayi sunan majinyaci. Kika ce ɗanki ne. Ta ce ta gani, sunansa take nema. Idona a rufe yake amma kunnena yana ji, na ji kin yi shiru kina neman wanda zai faɗa a madadinki, babu kowa. Sai kika ce, "Haruna." A hankali kika faɗa, kamar kina tsoron kada sunan ya fashe a bakinki.

Da na warke kika koma kirana wancan, har kika bar duniya. Ban taɓa gaya miki na ji ba, don kada in ba ki kunya. Amma duk mutanen da suka kira sunan nan a rayuwata, naki ne kaɗai nake ji har yau.

Tambayar ƙarshe, wa za a rubuta a biya wa karatu in ba na nan? Na ce Ummi. Yarinyar ta ce, "Sunan yanka, Baba, wanda ke takardar haihuwarta. In suna bai zo daidai ba, za ta sha wahala kafin a ba ta."

Inna, sunanki Ummi ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tun da na yi wayo sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ranar sunanta kawu ne ya raɗa wa liman. Da zan sa ta makaranta, takarda na miƙa na kau da kai. Ga shi ranar inshorar nan na baro takardar haihuwar a gida, kuma na san halina sarai, in na fita ƙofar nan da sunan zan ɗauko ta, goben nan tawa ce za ta dawo.

Na ga biro a kan teburin, na yi niyyar in ja shi in rubuta mata a gefen takarda. Har na miƙa hannu. Sai na tuna ke ba ki iya rubutu ba, ba ki da inda za ki ɓuya a ranar, da bakinki kika faɗa saboda ni.

Na janye hannuna, na faɗi sunanki. Yarinyar ta buga a na'ura ta ce, "Suna mai daɗi." Na juya ina kallon taga har idona ya bushe. Ba raini ba ne, Inna, kin fi kowa sanin ba raini ba ne. A nan kuma ba zan rubuta shi ba, don akwai masu leƙen wasiƙar nan.

Sun karɓe ni. Na sayi sabon maɗauri na sa wa hular kwano, ina sa ta kullum. In Allah ya ja kwanana, da hannuna zan kai Ummi makarantar jinya. In kuma na zo wurinki kafin lokacin, za ta je makarantar ko ba ni.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki. Yadda kika tsaya a kaina ba takalmi, Allah ya sa ki tsaya a inuwar Al'arshinsa. Ya raya mai sunanki, ya ba ta kunyarki da ƙarfin zuciyarki. Ya haɗa mu a Aljanna, in ji kin ƙara kirana ko da sau ɗaya ne. Amin.

Ɗanki na fari,
Wancan.